Abin da Ke Sa Naɗin Kwayil Ya Ƙi Aiki da Tsarin Ƙayyade Zafi a Sigarin Lantarki

Ƙorafin masu naɗa kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ɗumama ruwan zuƙa a jikin auduga ya zama tururi, da hannunsu don sigarin lantarki mai tsarin ƙayyade zafi bai cika wuce iri uku ba. Ko dai na'urar ta riƙa yanke wuta tun tururi bai kai ya kawo ba, ko ta bar auduga ta babbake duk da iyakar da aka sa mata, ko kuma ta yi aiki lafiya lau da safe, da yamma ta birkice alhali ba wanda ya taɓa mata komai. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su zargi wayar, su warware naɗin su sake wani. In abin ya ƙi, su yi ta ƙara lambar zafi har sai tururi ya fito, in ya sake ƙi su koma tsarin wat zalla, inda ƙarfin wuta kawai ake saitawa ba zafi ba, su ce ƙayyade zafi yaudarar 'yan kasuwa ce. Nan kuwa sau tari naɗin ba shi da laifin komai. Matsalar tana cikin lissafin da na'urar ke yi, kuma lissafin yana lalacewa ne saboda an ba ta lambar da ba daidai ba tun daga farko.

Babu wani ma'aunin zafi da ke manne a jikin kwayil. Na'urar ba ta jin zafi, kintatarsa take yi. Ƙarafa da yawa suna da wata ɗabi'a, wato gwargwadon ɗumamarsu, gwargwadon ƙaruwar turjiyarsu ga wucewar lantarki, kuma kowane irin ƙarfe yana da nasa gwargwadon wannan ƙaruwa. To ƙwaƙwalwar na'urar takan ɗauki turjiyar kwayil lokacin da yake a sanyaye ta ajiye, sannan idan aka danna maɓalli ta riƙa sake aunawa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa, tana kwatanta sabuwar lamba da tsohuwa, daga bambancin da ke tsakaninsu ta fitar da zafin da take zaton wayar ta kai. Da zarar lissafinta ya nuna an kai iyaka sai ta rage wuta. Kamfanin Evolv na jihar Ohio a Amurka ne ya fara yaɗa wannan dabara a kasuwa da ƙwaƙwalwarsa mai suna DNA 40 a shekarar 2014, kamfanonin ƙasar Sin irin su YiHi da Joyetech suka biyo baya a 2015, kuma har yau tushen aikin bai canza ba. Abubuwa uku na'urar ke dogaro da su: turjiyar farko, zafin da kwayil yake da shi a lokacin da aka ɗauki wannan turjiya, da kuma lambar da ke nuna saurin ƙaruwar turjiya a irin wayar da aka naɗa, wadda ake taƙaitawa da haruffan TCR. Duk wanda ya gurɓace a cikinsu, sakamakon ya gurɓace.

Lambar TCR ta sha bamban ƙwarai daga waya zuwa waya. Nikel tsantsa, wanda ake sayarwa da sunan Ni200, yana da kusan 0.006 a kowane digiri na ma'aunin Salshiyas, abin da ke nufin idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200 turjiyarsa takan ninka har ta ɗan zarce. Titaniyam yana da kusan 0.0035. Ƙarfe mara tsatsa samfurin SS316L, wanda shi ne ya mamaye harkar daga baya saboda sauƙin sarrafawa da kuma yiwuwar amfani da shi a tsarin wat, lambarsa kusan 0.0009 ce kawai. Kanthal da Nichrome kuwa, waɗanda aka saba naɗawa a tsarin wat, turjiyarsu kusan ba ta motsi da zafi, don haka na'ura ba ta da abin da za ta karanta a jikinsu, kuma ba sa shiga wannan tsari ko kaɗan.

A ɗauki misali da lamba, domin a nan ne abin ke fitowa fili. Wayar SS316L mai kaurin milimita 0.4, wadda ake rubuta wa lamba 26, idan aka naɗa ta zagaye bakwai a kan sanda mai faɗin milimita 3, takan ba da turjiyar kusan om 0.5 (om shi ne ma'aunin turjiya), idan kuma aka jera irinta biyu sai turjiyar ta koma om 0.25. Daga digiri 20 zuwa digiri 220, duk ƙaruwar da wannan naɗi zai yi ba ta wuce om 0.046 ba. A cikin wannan ɗan tsukin na'urar za ta raba digiri ɗari biyu, kowane digiri ya samu om 0.00023. Saboda haka kuskuren om 0.01, wanda a tsarin wat ba wanda zai ko lura da shi, a nan ya haura digiri arba'in. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa ya riga ya gane rabin matsalolin da za su same shi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar turjiyar farko. Mutum ya gama naɗi, ya ɗan ba shi wuta don ya duba yadda yake ɗaukar zafi, ya cusa auduga, ya ɗaura tanki, wato ɓangaren da kwayil da ruwan zuƙa suke ciki, na'ura ta tambaye shi ko sabon kwayil ne, ya amsa mata, duk a cikin minti biyu. Wayar ba ta gama hucewa ba, turakun da aka ɗaure ta a ciki ma suna riƙe da ɗumi, sai na'urar ta rubuta om 0.26 a maimakon 0.25, ta ɗauka cewa nan ne sanyi. Daga wannan lokaci duk lissafinta ya goce zuwa sama. An sa mata digiri 220 a allo, amma ba za ta rage wuta ba sai wayar ta kai kusan digiri 270. Wannan shi ne asalin ƙorafin nan na cewa an sa iyaka amma auduga ta ƙone. Idan kuma lambar da aka ajiye ta yi ƙasa da gaskiya, a ce om 0.24, sai a samu akasin haka, na'urar ta riƙa yankewa alhali wayar ba ta wuce digiri 170 ba, tururin ya fito sanyi-sanyi babu ɗanɗano. Maganin ba shi da wahala sai dai yana buƙatar haƙuri: a ajiye tanki da na'ura wuri ɗaya, a inuwa, na tsawon minti goma sha biyar ko fiye, sannan a haɗa su, a bar na'ura ta karanta, a kulle lambar idan na'urar tana da wannan dama. Kuma duk lokacin da aka sake haɗa tankin da bai huce ba, amsar tambayar na'ura ita ce tsohon kwayil ne, ba sabo ba.

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ya shafi mazauna ƙasashe masu zafi fiye da waɗanda aka ƙera na'urorin dominsu. Na'urori da yawa, musamman masu arha, suna ɗauka ne kawai cewa zafin ɗaki yana wajen digiri 20. Wanda ya kulle turjiya da rana tsaka a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da iska kanta ta kai digiri 40, ya ba na'urar lambar da ta riga ta hau, kuma a misalinmu na baya wannan kaɗai zai sa wayar ta fi abin da allo ke nunawa zafi da digiri ashirin da 'yan kai. Ba babban kuskure ba ne idan shi kaɗai ne, amma yana haɗuwa da wasu ya yi nauyi. Abin yi shi ne a kulle turjiyar da sassafe ko a ɗaki mai sanyi, ko kuma a san da wannan rata a rage lambar zafi gwargwadonta. Ƙwaƙwalwar DNA ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin tana da nata ma'aunin zafi a jikinta, kuma takan sake gyara lambar farko da kanta idan aka ajiye na'urar ta daɗe ba a taɓa ba.

Idan an tabbatar an ɗauki turjiya a sanyaye amma matsalar ba ta kau ba, sai a koma ga mahaɗai. Na'urar ba ta ganin kwayil shi kaɗai. Abin da take aunawa shi ne duk hanyar da lantarki ke bi: daga tsinken da ke saman na'ura, zuwa tsinken gindin tanki a mahaɗar da ake kira 510, zuwa turaku, zuwa sukurorin da suka danne ƙafafun waya, sannan kwayil, sannan hanyar komawa ta tiredi, wato zaren murɗi da ake ɗaura tanki da shi. Kowace gaɓa tana iya ƙara tata 'yar turjiya, kuma wannan ƙari iri biyu ne da ya kamata a rarrabe.

Na farko shi ne ƙarin da ke motsi, kuma shi ya fi ɓarna. Sukuru da bai ɗauru sosai ba, ko wanda ya saki bayan ƙarfe ya sha ɗumama da hucewa, ko tsinken tsakiya da ya yi datti, ko ruwan zuƙa da ya malala cikin mahaɗa ya bushe ya bar danƙo. Irin wannan yakan sa turjiya ta yi tsalle da kanta, na'urar kuma ba ta da hanyar bambance tsallen da zafi ya kawo da wanda sakin sukuru ya kawo, duk zafi take ɗaukarsu. Gwajinsa a ido yake. A buɗe kulle, a sa na'ura ta nuna turjiya kai tsaye har zuwa gurbi uku bayan ɗigo in tana iyawa, a riƙe tankin a ɗan karkaɗa shi hagu da dama, a kwance a sake ɗaurawa sau uku ko huɗu. Idan allo ya tsaya a 0.250 ko ya ɗan leƙa 0.251 ya dawo, mahaɗai lafiya suke. Idan kuwa aka ga 0.248, aka juya aka ga 0.262, aka sake ɗaurawa aka ga 0.255, to babu amfanin taɓa wani saiti sai an gyara wannan. A goge tsinkaye biyun da tiredi da auduga mai sifirit, a bari su bushe, a duba ko tsinken na'ura mai sifirin yana lotsawa yana dawowa yadda ya kamata, sannan a sake ɗaure sukurorin turaku bayan an ba naɗin wuta na farko ya huce. Sai dai a nan ma akwai iyaka, domin nikel waya ce mai taushi, kuma sukuru mai kaifin baki yana iya cin ta har ya kusa tsinka ta, wurin da ya ci ɗin ya zama siririn wuya mai yawan turjiya da yawan zafi.

Na biyu shi ne ƙarin da ke tsaye, wato turjiyar jikin tanki da mahaɗa wadda ba ta canzawa. Wannan kamar mahauci ne ya ɗora nama a sikeli bai cire nauyin faranti ba. Na'urar tana lissafi a kan cewa duk turjiyar da ta karanta ta waya ce mai ɗumama, alhali wani yanki nata na ƙarfen da ba ya ɗumama ne, don haka dole sai kwayil ya ƙara zafi kafin jimillar ta kai inda na'urar ke jira. A naɗin om 0.25, ƙarin om 0.02 yana ɗaga zafi da kusan digiri 16. A naɗin nikel na om 0.08 kuwa, wannan ƙarin dai yana ɗaga shi da digiri 50, saboda ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake karantawa. Shi ya sa masu naɗin nikel suke amfani da siririyar waya da zagaye goma ko goma sha biyu, don turjiyar ta haura om 0.1, kuma shi ya sa naɗin ƙarfe mara tsatsa ya fi natsuwa idan ya kai om 0.4 ko 0.5 fiye da idan an matse shi ƙasa da 0.2. A ganina wannan shi ne gyara mafi arha da aka fi watsi da shi: ƙara zagaye biyu, ko rage kaurin waya, yana faɗaɗa tsukin da na'urar ke karantawa fiye da duk wani saiti da za a yi mata.

Sai batun dacewar waya da saiti. Ƙa'idar a taƙaice ita ce idan lambar TCR da aka sa ta fi ta wayar, zafi zai wuce abin da allo ya nuna, idan ta gaza, na'ura za ta yanke da wuri. Wanda ya naɗa ƙarfe mara tsatsa ya bar na'ura a saitin titaniyam ya sa ta jiran ƙaruwar da wayar ba za ta kai ba sai ta yi jawur, kuma na'urori da yawa idan suka ga turjiya ba ta hawa yadda suke tsammani sukan fice daga tsarin zafi su koma wat da kansu. Wannan ficewa alama ce mai amfani, domin kusan kullum tana nufin ɗayan biyu ne: ko wayar ba ita ce aka zata ba, ko an ajiye turjiyar farko sama da gaskiya. Na'urorin da ke ba da damar shigar da TCR da hannu sukan nemi lambar a dunƙule, a rubuta 92 a maimakon 0.00092, wasu kuma da ƙarin sifili, don haka duba takardar na'ura wajibi ne. Haka nan saitin da aka rubuta wa SS a wata na'ura ba lallai ya zama daidai da na wata ba, domin SS304 da SS316L da SS430 duk ƙarfe mara tsatsa ne amma lambobinsu sun bambanta. Wayar da aka sayo a leda babu tabbacin asalinta kuma tana iya zama wani abu dabam da abin da aka rubuta a jikinta. Maganaɗisu yana taimakawa wajen tantancewa: Kanthal da nikel suna manne masa, titaniyam ba ya mannewa, SS316L kuwa in ma ya ja shi to kaɗan ne ainun. Kwatanta turjiyar da aka samu da wadda lissafi ya ce ya kamata a samu shi ma yana tona asirin wayar bogi.

Yanzu ne ya kamata a duba naɗin kansa. Lambar da na'ura ke fitarwa matsakaicin zafin dukan wayar ne, ba zafin wurin da ya fi ƙuna ba. Idan zagaye biyu sun taɓa juna a wani wuri sun rabu a wani, lantarki yakan yi ratse ta wurin taɓawar, wani yanki ya ɗau zafi fiye da kima, wani ya zauna da sanyi, matsakaicin ya fito daidai a allo alhali auduga tana ƙuna a gefe guda. Bugu da ƙari, wurin taɓawar yana buɗewa yana rufewa yayin da ƙarfe ke miƙewa da zafi, turjiya ta riƙa rawa. Dalilin da ya sa ake naɗa kwayil na wannan tsari da 'yar tazara tsakanin zagaye ke nan, tazara daidai wa daida, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ga nikel da titaniyam wannan tilas ne. Ƙarfe mara tsatsa yana iya aiki a matse idan an kore wuraren ƙuna, amma ko shi ya fi kwanciya da tazara. Ƙafafun kwayil su ma a gajarta su iya yiwuwa, domin doguwar ƙafa ba ta taɓa jiƙaƙƙiyar auduga, tana zafi ita kaɗai a iska, tana ruɗa lissafi.

Yadda ake gwada naɗi da wuta kafin sa auduga ya danganta da wayar. Ƙarfe mara tsatsa ana iya ba shi wuta kaɗan-kaɗan a ƙaramin wat, a wuri mai duhu, har ya fara nuna ja mai rauni daga tsakiya zuwa gefe, ana shafa shi da hantsaki mai bakin tangaran. Nikel da titaniyam ba a yi musu haka. Idan suka yi ja sukan yi ɓawon tsatsa a jiki wanda ba a son shaƙarsa, titaniyam ma yana iya kama wuta idan zafin ya yi tsanani, kuma saboda wannan dalili ba a amfani da su a tsarin wat. Mai borin jini da nikel kuma ya sani cewa SS316L ma yana ɗauke da nikel a haɗinsa.

Naɗe-naɗen ƙawa, irin waɗanda ake nannaɗe siririyar waya a kan mai kauri, suna da kyan gani amma suna wahalar da wannan tsari. Idan an gauraya ƙarfe biyu, a ce cikin ƙarfe mara tsatsa ne bayan kuma Nichrome, babu lambar TCR guda da ta dace da su daidai, ga kuma nauyin ƙarfe da ke sa ciki da waje su yi zafi a lokuta dabam-dabam. Kwayil biyu kuma suna da tasu matsalar: idan audugar ɗaya ta bushe ta ɗayan tana jiƙe, matsakaicin zai ɓoye wanda ke ƙuna. Duk mai neman gano bakin zaren wata matsala ya fara komawa ga waya guda, miƙaƙƙiya, naɗi ɗaya mai tazara. In wannan ya yi aiki, sai a ƙara wahala mataki-mataki.

Wani lokaci kuma na'urar gaskiya take faɗa, mai ita ne bai so ji ba. Idan allo yana nuna an kai iyakar zafi cikin daƙiƙa ɗaya, alhali turjiya a tsaye take kuma saiti daidai ne, to lallai wayar tana zafi da sauri, kuma dalilin shi ne ruwa ba ya isa gare ta. Ruwan da ke ƙafewa shi ne ke kwashe zafi daga jikin waya. Lagwanin da aka cusa ya yi tauri a cikin kwayil, ko wutsiyarsa ta toshe ramukan da ruwa ke bi, yana hana ruwa gudu. Wanda ya yi sako-sako kuma yana barin wasu zagaye ba sa taɓa auduga. Daidai shi ne lagwani ya ratsa kwayil da ɗan ja, ba tare da ya karkata naɗin ba. Ruwan zuƙa mai yawan gilisarin, ɗaya daga cikin sinadaran da ake haɗa shi da su, yana da kauri, yana ƙara kauri da sanyin hunturu, kuma ƙananan ramuka ba sa iya ciyar da shi. Baƙin dattin da kayan zaƙi ke tarawa a jikin waya yana raba ta da ruwa, rufe ƙofar iska ma yana rage sanyaya ta. A duk waɗannan, yankewar da na'ura ke yi aikinta ne take yi. Ƙara lambar zafi don a rufe mata baki shi ne mafi munin ɗabi'a a wannan harka, domin yana kawar da kariyar da aka sayi na'urar saboda ita, ya bar matsalar lagwani a inda take.

Wat ma yana da rawar da yake takawa, ko da yake ba shi ne ke jagoranci ba. A wannan tsari wat yana ƙayyade saurin isa ga zafin da aka sa ne. In ya yi ƙasa, kwayil ba zai taɓa kai wa iyaka ba, sai a yi ta ɗaga lambar zafi ba a ga canji. In ya yi yawa, wayar takan zarce iyaka kafin na'ura ta farga, ta yanke, ta sake sakin wuta, a riƙa jin tururin yana zuwa yana ɗaukewa. Abin nema shi ne wat da zai kai kwayil iyaka cikin kusan daƙiƙa ɗaya sannan ya sauka a hankali ya tsaya.

Akwai gwaji biyu da ke nuna ko lissafin na'ura yana kusa da gaskiya. Na farko da busasshiyar auduga ake yi: a zura ta cikin tsaftataccen kwayil, a sa zafi wajen digiri 200 zuwa 215, kimanin 390 zuwa 420 ke nan a ma'aunin Faranhait, a danna na 'yan daƙiƙoƙi, a zaro a duba. Idan komai daidai ne za a ga audugar fara, ko da ɗan zane-zane mai ruwan ƙasa mai haske daidai inda kowane zagaye ya kwanta. Idan ta yi baƙi ko ta yi hayaƙi, zafin gaskiya ya wuce na allo. Idan zane ɗaya ya fi sauran duhu, nan ne wurin ƙuna yake. Na biyu da ruwa zalla ake yi, ga mai na'urar da ke nuna zafi kai tsaye ko ta manhajar kwamfuta irin EScribe: a jiƙa lagwani sharaf da ruwa, a ba shi wuta kaɗan, a ga inda lambar za ta tsaya. Tunda ruwa yana tafasa a digiri 100, ya kamata ta dakata kusa da nan muddin lagwanin bai bushe ba, sai dai a wuri mai tudu kamar Jos tafasar takan yi ƙasa da haka da 'yan digiri. Nisan da lambar ta yi daga ɗari shi ne girman kuskuren.

Wannan tsanaki ba don ɗanɗano kaɗai ake yinsa ba. Ruwan zuƙa an gina shi ne a kan sinadarai biyu, furofilin gilaikol da ke tafasa a digiri 188, da gilisarin da ke tafasa a digiri 290, kuma idan suka sha zafi fiye da kima, musamman a busasshen lagwani, sukan farfashe su haifar da abubuwa masu cutarwa irin su fomaldihaid da akrolin. Yawancin masu amfani da tsarin suna tsayawa ne tsakanin digiri 200 da 250, duk da cewa na'urori sukan ba da dama har zuwa 315. Ƙayyade zafi yana rage ƙonewar lagwani idan lissafin daidai ne, amma bai mai da tururin abu mara illa ba, kuma bai taɓa jarabar nikotin da komai ba.

Batir shi ne abu na ƙarshe da za a duba kafin a yanke wa na'ura hukunci. Batirin da ya tsufa ko ya yi ƙasa yakan kasa ba da wutar da ake nema, kwayil ya kasa kai wa zafi, a zaci saiti ne ya lalace. Na'ura mai batir ɗaya da aka sa wa wat 60 tana iya jan sama da amfiya 20 idan cajin ya sauka, don haka batir samfurin 18650 da bai kai wannan ƙarfi ba, ko wanda ledar jikinsa ta yage, a cire shi daga aiki. Idan an canza batir, an tsaftace mahaɗa, an gwada wani tanki da naɗi mai sauƙi, amma har yanzu turjiya tana yawo a allo ko gwajin auduga yana faɗuwa, to matsalar ta koma cikin na'urar, ko dai wayar da ke ƙarƙashin mahaɗar 510 ta saki, ko kuma ƙwaƙwalwar ba ta iya karanta turjiya da ƙanƙantar da ƙarfe mara tsatsa ke buƙata. Na'urorin farko da aka ƙera don nikel kaɗai suna cikin wannan rukuni, haka ma wasu masu arha da ke nuna gurbi biyu kawai bayan ɗigo. Wasu daga cikin na Joyetech da Eleaf da Wismec sukan gyaru idan aka ɗora musu manhajar Arctic Fox, wadda ke ba da damar gyara turjiyar farko da hannu. Sauran kuwa sai dai a bar su a tsarin wat da wayar da ta dace da shi.